Ado Ya Rufe Labari: Sharhi Kan Masu Tara Matan Tangaran na Japan

Duk wanda ya leƙa gidajen tarihi ko shagunan gwanjon kayan da a Ingila, zai iya cin karo da wasu 'yan mutum-mutumin tangaran na mata, tsawonsu kusan santimita 40, sanye da tufafin kimono mai ja da shuɗi da kore. Masu tara su na kiransu "bijin", wato kyakkyawa a harshen Japananci, kuma suna zuba maƙudan kuɗi a kansu. Ni dai ƙorafina ba a kan kyan aikin yake ba. Yadda ake ba da labarinsa ne ke damuna.

A garin Arita da ke tsibirin Kyushu aka ƙera su, inda aka fara yin tangaran a farkon ƙarni na 17 da taimakon maginan Koriya. Da daular Ming ta faɗi a 1644, yaƙi ya durƙusar da cinikin tangaran na Sin, sai kamfanin Holan mai fatauci a Gabas ya koma Japan, ya fara manyan saye daga 1659 ta tashar Dejima a Nagasaki. Mafi daraja cikin waɗannan mata su ne na salon Kakiemon, na wajajen 1670 zuwa 1700. A cikin zubi ake danna yumɓun, a gasa, a yi zane, a sake gasawa. Shi ya sa za ka ga fuska ɗaya da tsayuwa ɗaya, zanen tufafi ne kawai ya bambanta. Da yawansu jirgi suka hau, suka ƙare a jeren ɗakunan sarakuna da attajiran Turai.

Gaskiya masu zanen sun iya. Ba su cika jikin da launi ba, sun bar farin ya yi magana, kuma ɗan karkata jiki kaɗai ya isa ya nuna mace mai yanga.

Amma su wane ne waɗannan mata? Masana da dama na ganin cewa manyan karuwai ne na unguwannin da hukuma ta keɓe, irin su Yoshiwara a Edo da Shimabara a Kyoto. Su ne ke fito da yayin ado a zamaninsu. Sai dai akasarinsu tun suna yara iyaye matalauta suka miƙa su ga gidajen bisa yarjejeniyar shekaru, kuma kuɗin tufafin nan masu tsada bashi ne a wuyansu. Sai a 1872 gwamnati ta fitar da dokar 'yanta su, ita ma ba ta kawo ƙarshen abin ba.

Mai tara kaya kuwa tambayarsa ita ce: ko wuyan ya taɓa karyewa an liƙe? Ko na asali ne? Daga gidan wane ya fito? Sai ya san tarihin duk hannun da tangaran ya ratsa, amma bai san komai game da wadda aka siffanta ba. A nawa ganin, wannan rabin ilmi ne.

Ban ce a daina tarawa ba, domin su ne suka adana kayan har suka kawo yau. Abin da nake nema shi ne duk takardar bayanin da ta faɗi shekara da farashi, ta ƙara layi biyu kan rayuwar waɗannan mata. Mu kuma da ke koyon bincike, idan muka ga an rubuta "kyakkyawa" kawai, mu tambayi abin da aka bari a baya.