Rumbu Ya Zama Gidan Fasaha: Tarken Gyaran Tsohon Rumbun Hatsi na Kef Taun

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken aikin gyaran da aka yi wa tsohon rumbun hatsi na tashar jiragen ruwa ta Kef Taun, a Afirka ta Kudu, wanda aka mayar gidan nuna fasahar Afirka ta zamani mai suna Zeitz MOCAA a shekarar 1917 da ɗari, watau 2017. Duk wanda ya ɗauki tsohon gini zai sāke masa aiki, to, hukunci yake yankewa a kan tarihi, domin shi ne zai zaɓi abin da za a bari a gani da abin da za a kawar. Saboda haka ma'aunin da za a bi a nan guda uku ne: me aka bari, me aka cire, sa'an nan wa aka yi wa gyaran. Abin da za a nuna shi ne, aikin ya ci nasara a inda ya tona cikin ginin, ya kuma gaza a inda ya rufe shi.

2.0 Tarihin Rumbun

An fara gina rumbun a 1921, aka gama a 1924, a ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasa da tashoshin ruwa ta ƙasar. Tsayinsa mita 57 ne, kuma ya daɗe ana lissafa shi a matsayin gini mafi tsawo a Afirka kudu da Sahara. Kashi biyu ne: akwai doguwar hasumiya inda ake ɗaga hatsi a auna shi a tace a rarraba, akwai kuma ma'ajiya mai bututun kankare 42 a tsaitsaye, kowanne tsawonsa ya kai mita 33, fāɗinsa kuwa mita biyar da rabi. Taragai ne ke kawo hatsin daga gonakin cikin ƙasa, galibi masara, a juye, na'ura ta hau da shi sama, ya kwarara cikin bututun, ya jira jirgin ruwan da zai kai shi kasuwannin ƙetare.

Ya kamata a lura da bambancin wannan rumbu da rumbun manomi. Manomi yana gina rumbu ne don tsaron yunwa, abin da ya zuba a ciki na iyalinsa ne. Wannan kuwa mashiga ce da mafita, an gina shi don hatsi ya bar ƙasar. Bugu da ƙari, shekara takwas kafin a sa harsashinsa, watau a 1913, an kafa dokar da ta tsare baƙaƙen fata a kan kimanin kashi 7 cikin 100 na filayen ƙasar. Da yawa daga cikin waɗanda dokar ta raba da gonakinsu sun koma leburori a gonakin Turawa, kuma guminsu na cikin masarar da ta cika bututun nan. Rumbun ya yi aiki kusan shekara tamanin, aka rufe shi a 2001, a lokacin da tsohuwar tashar ta riga ta zama wurin kantuna da otal-otal da yawon buɗe ido.

3.0 Inda Aikin Ya Ci Nasara

Matsalar da ta fuskanci Thomas Heatherwick, Baturen Ingila mai tsara gine-gine da aka ba aikin, ba ƙarama ba ce. Yawancin tsofaffin masana'antu da aka mayar gidajen fasaha suna da babban fili a ciki. Alal misali, tsohuwar tashar lantarki ta Bankside a Landan, wadda ta zama Tate Modern a 2000, tana da makeken zauren injuna, da aka kwashe injunan sai wuri ya samu. Rumbun Kef Taun ba shi da irin wannan. Cikinsa kamar saƙar zuma yake, bututu manne da bututu, ba a yi shi don mutum ya shiga ba.

Dabarar da aka yi ita ce aka ɗauki siffar ƙwayar masara guda, aka faɗaɗa ta da kwamfuta har ta kai mita 27, sa'an nan aka fafe wannan siffa daga cikin bututun kamar yadda mafafi ke fafe duma. Da yake tsohon kankaren siriri ne, sai da aka zuba masa sabon kankare daga ciki don ya ɗauki nauyi, sa'an nan aka yanka. An goge bakin yankan ya yi santsi, aka bar jikin tsohon bangon da kaushinsa, don haka ido na iya rarrabe aikin 1924 da na 2017 ba tare da an yi masa bayani ba. An rufe kawunan bututun da gilashi mai ɗauke da zanen El Loko, mai fasaha ɗan ƙasar Togo, haske yana sauka ta inda hatsi ke sauka a dā. Wasu bututun kuma an sa musu matakala mai murɗawa da na'urar hawa bene.

Wannan zaure shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ya cancanci yabon da ya sha. Dalili kuwa, yankan da aka yi ya koyar da abin da ginin bai taɓa nunawa ba ko a zamanin da yake aiki. Wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai zai fahimci yadda rumbun yake, da yawan abin da yake haɗiyewa, da kuma ƙanƙantar mutum a gabansa. Masu ra'ayin a bar tsohon gini yadda aka same shi za su ce an yi ɓarna. Amsarsu ita ce, rumbun da aka bari a rufe ba ya gaya wa kowa kome, kuma ginin da ba shi da aiki rushewa ce makomarsa.

4.0 Inda Aikin Ya Gaza

Da zarar mai ziyara ya bar zauren ya shiga ɗakunan nuni, sai rumbun ya ɓace masa. An samar da ɗakuna kimanin 80, masu fili murabba'in mita 6,000, kuma don a same su an kawar da bututun da ke wurin, aka gina ɗakuna masu kusurwa huɗu da fararen bangaye, irin waɗanda za a tarar a Balin ko Niyok. Akwai hujja a kan haka, domin hoto yana bukatar miƙaƙƙen bango da haske da iska mai daidaito. Duk da haka, sakamakon shi ne tarihin ginin ya tsaya a bakin ƙofa, aikin masu fasahar Afirka kuma ya zauna a ɗakin da ba ya tuna inda yake. Da an bar ko da bututu kaɗan sun zama ɗakunan nuni a kewayensu, da masu fasaha sun sami bangon da za su yi muhawara da shi.

Gazawa ta biyu ta fi zurfi. Alamar da aka zaɓa don tunawa da rayuwar ginin ita ce ƙwayar masara. Ƙwaya kuwa ba ta da ƙorafi, kowa na iya sha'awarta. Fasalin ginin ya tuna da hatsi, bai tuna da hannun da ya shuka shi ba, ko ɗan dakon da ya yi fama da ƙurarsa. Alhali wurin cike yake da irin wannan tarihi: fursunoni ne suka gina madatsar tashar tun daga 1860, kuma daga nan kusa ake shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Robben, inda aka tsare Nelson Mandela shekara 18.

Na uku, akwai batun wa aka yi wa gyaran. Kamfanin da ya mallaki tashar ne ya kashe Rand miliyan 500 a kan aikin, kayan da aka buɗe gidan da su kuwa aro ne daga tarin Jochen Zeitz, Bajamushe, tsohon shugaban kamfanin Puma, wanda gidan ke ɗauke da sunansa. Benayen saman hasumiyar, masu kumburarrun tagogin gilashi da ake hangowa daga nesa, an ba da su ga wani otal mai ɗaki 28 na masu hannu da shuni. Watau mafi kyawun mahangar ginin tana sama ga mai kuɗi, fasaha tana ƙasa. A lokacin buɗewa an ware safiyar Laraba don 'yan Afirka su shiga kyauta, wanda abin kirki ne, amma bai rage nisan da ke tsakanin tashar da unguwannin da mulkin wariyar launin fata ya tura talakawan birnin ba.

5.0 Abin da Gini Bai Iya Ba

Adalci ne a faɗi cewa wani ɓangare na wannan giɓi mutane sun cike shi daga baya. Azu Nwagbogu, ɗan Nijeriya, ya riƙe gidan na wucin gadi daga 2018, sa'an nan a 2019 aka naɗa Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru, wadda ta shugabance shi har rasuwarta a watan Mayu na 2025. A zamaninta gidan ya karkata daga baje tarin mutum ɗaya zuwa bincike da nune-nune masu zurfi, kamar na 2022 a kan yadda baƙaƙen fata suka zana kansu cikin shekara ɗari. Wannan ya nuna cewa gyaran gini ba ya ƙarewa ranar da magina suka sauke tsani.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa aikin ya ceci jikin rumbun, ya kuma fito da cikinsa fili da gwaninta, amma ya taƙaita tarihinsa ga abin da ke da daɗin kallo. Darasin da ke nan ya shafi duk inda ake da masaƙa ko ma'ajiya ko tashar jirgin ƙasa da ta mutu. Kafin a kira mai tsara gini, ya kamata a kira tsofaffin ma'aikatan wurin a rubuta abin da suka sani, domin kankare yana iya jiran shekara goma sha shida kamar yadda wannan rumbu ya jira, su kuwa ba za su iya ba.