Cutar Takarda da Cutar Baki: Sharhi a kan Koyar da Likitoci

Masu koyar da aikin likita sun daɗe suna gardama a kan hanyoyi biyu. Ta fari ita ce tsohuwar hanya, wadda rahoton Abraham Flexner na 1910 ya ƙarfafa a Amurka, watau ɗalibi ya zauna a aji malami na karanta masa sassan jiki da aikinsu, sai bayan shekaru a kai shi gaban majiyyaci. Ta biyu kuwa Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta fara ta a 1969. Ga yadda ta ke: a tara ɗalibai kaɗan, a ba su labarin wani majiyyaci, su tattauna, su gane abin da ba su sani ba, sa'an nan su tafi su nemo shi. Howard Barrows da Robyn Tamblyn sun bayyana ta a littafinsu na 1980.

Kowace tana da hujjarta. Tsohuwar ba ta da tsada, malami guda ya ishi aji, kuma tana kafa harsashi. Da ita aka fara a Ibadan a 1948, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1967. Sabuwar tana bukatar malamai da littattafai masu yawa, amma tana koya wa ɗalibi tambaya, wadda ita ce rabin ilmi. A ganina sabuwar ta fi kusa da gaskiyar aikin. Amma fa akwai aibi guda da su biyun suka yi tarayya a cikinsa, wanda mu masu nazarin harshe ya kamata mu nuna.

Labarin da a ke miƙa wa ɗalibi a rubuce ya ke da Turanci, an riga an tace shi. Majiyyaci kuwa ba haka ya ke zuwa ba. A ce mace ta taso daga Gwaska, a ƙasar Birnin Gwari, da yaro a goye, ta ce shawara ke damunsa. Ɗalibin da ya haddace fassara guda zai duba ido ko ya yi rawaya. Alhali a bakin jama'a shawara ta haɗa har da kasala da ƙin abinci da canjin launin fitsari, kuma ana iya samun ciwon hanta a ƙarƙashinta, ko zazzaɓin cizon sauro, ko amosanin jini. Haka kalmar sanyi: wani ciwon gaɓoɓi ya ke nufi, wani kuwa ciwon mara, kunya ce ta hana shi faɗa. In yaron ɗan fari ne, watakila uwar ko sunansa ba za ta ambata ba.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku sun sha wuya a hannun 'yan bindiga, ita kanta Gwaska an kai mata mummunan hari a watan Mayu na 1918 da ɗari, watau 2018. Wanda ya keto irin wannan hanya, bayan ya gwada wanzami da mai magani, in likita ya ji shi a karkace, da wuya ya komo gobe a gyara.

Don haka matsalar farko da ɗalibi zai koyi warwarewa ita ce maganar majiyyaci. Jami'ar Ilorin ta kama hanya, da ta riƙa tura ɗalibanta ƙauyuka tun farkon karatunsu. Kayan aiki ma akwai: ƙamus na Bargery na 1934, da littafin Lewis Wall na 1988 a kan magani a ƙasar Hausa. Abin da ya rage shi ne sassan Hausa su tattara sunayen cututtuka gari gari, a rubuta labaran majiyyata yadda suka fito daga baki, a ba ɗalibai su fassara da kansu. Malaman kwalejojin horon malamai su ma su duba, domin darasin bai tsaya ga likita kaɗai ba.