Wane Harshe ne Wannan? Sharhi a kan Na'urar Rubuta Magana da Bakin Damagarawa

A ƴan shekarun nan an samu wata fasaha da ta shigo cikin salula da kwamfuta: mutum yana magana, na'ura tana rubutawa nan take, kuma ita da kanta take gane harshen da ake yi ba tare da an gaya mata ba. Malaman lakwal da shugabannin ƙungiyoyin al'adu sun fara sa ran za ta sauwaƙe musu rubuta rahoton taro da adana hirar dattawa. Kafin mu miƙa mata wannan amana, ya kamata mu auna ta da ma'aunin garinmu.

Da farko, yaya take aiki? Ana ciyar da na'urar da muryoyi masu yawan gaske, kowace da laƙabin harshenta, har ta saba da amon kowane harshe. In ta ji sabuwar murya sai ta kwatanta, ta zaɓi harshen da ya fi kama da ita. Misali, manhajar Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022 an horar da ita da awa dubu 680 na magana, wajen kashi biyu cikin uku duk Ingilishi ne. Akwai Hausa cikin harsuna kusan 100 da ta sani, amma babu Barbarci, babu Buzanci. A tsarinta na asali, sakan 30 na farko take saurare ta yanke hukunci a kan dukan zancen. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da nasa tsarin mai tantance harsuna fiye da 4000, wanda aka gina galibi da muryoyin masu karanta littattafan addinin Kirista. Mai karatu kuwa harshe ɗaya yake riƙewa daga farkon shafi zuwa ƙarshensa.

A nan gizo yake saƙar. An gina na'urar bisa zaton cewa kowane zance harshe ɗaya gare shi. To, mu ɗauki taron kowace ƙungiya a Zinder. Da me ake buɗe shi? Da sallama da basmala da salatin Annabi. Na'urar da ta dogara da sakan 30 na farko tana iya cewa Larabci ake yi, ta ci gaba da tilasta wa Hausar da ta biyo baya shiga rigar Larabci. Wadda kuma aka tsara ta riƙa sake hukunci kowane ɗan lokaci, ba ta da damar jiran ƙarshen jimla, don an ce ta rubuta nan take. Sai ta yi ta tsalle tsakanin harsuna a inda mai magana bai motsa ba.

Dubi wannan jimla ta ɗan makaranta: mushe ya ce gobe kowa ya zo lakwal da kaye da bik. Kalmomi huɗu a ciki tushensu Faransanci ne, amma jimlar Hausa ce tsantsa, domin kalmomin sun zauna, sun ɗauki lafazinmu da nahawunmu. Wannan aro ne. Dabam yake da ma'aikacin da ya fara zance da Hausa, ya zarce da cikakkiyar jimlar Faransanci don ya nuna cewa yanzu hukuma ce take magana da bakinsa. Wannan sauya harshe ne, kuma sauyin kansa saƙo ne. Kowane yaro a kasuwar Dole yana rarrabe biyun. Na'ura kuwa amo take bi, niyyar mai magana ba ta cikin lissafinta.

Cuɗanyar harsuna a nan ba lalacewar zamani ba ce, asalin garin ke nan. Gidan sarautar Damagaram ya taso ne a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, shi ya sa sarautu irin su Ciroma da Yarima da Galadima suka zo mana daga Barbarci. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna tun 1960 cewa kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka shigo Hausa. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Birni na da fada da malamai masu Larabci, Zango kuma na karɓar ayarin Buzaye da fataken Larabawa. Lokacin da Kyaftin Kazamaju ya iso a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da tafinta ya zo, kuma tare aka kashe su. Tun daga nan har Zinder ta zama babban birnin mulkin mallaka na Nijar zuwa 1926, makomar talaka a gaban Nasara takan rataya a bakin tafinta. Kakanninmu sun san cewa wanda yake tsakanin mai magana da mai rubutu yana da iko. Bambancin kawai, tafinta na da suna da fuska, ana iya tuhumarsa.

Ko da na'ura ta dace ta ce Hausa ce, saura tambaya: Hausar ina? Rubutacciyar Hausa da ta fi yawa a intanet ta Nijeriya ce, mai aro daga Ingilishi. A bakinmu dala tamma biyar ce, dala ashirin kuɗin ƙosai ne. A jaridun Kano dala kuɗin Amurka ne. Na'urar da ta gyara wa tsohuwar Mirya ko ta Magariya magana zuwa daidaitacciyar Hausa ta shafe shaidar da muka je nema.

Ba ina cewa a yi watsi da fasahar ba. Tana da amfani ga kurame, ga ƴan jarida, ga ɗalibin da ke neman bitar darasi. Kuma tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, buƙatar rubuta maganar Hausa za ta ƙaru. Haɗarin shi ne harsunan da na'ura ba ta sani ba su ɓace daga rahoto: Babarbare ko Buzu ko Batube ya yi magana a taro, takarda ta fito ba shi a ciki.

Saboda haka ga shawara uku ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyi. Ta farko, kada a shafe murya don an samu rubutu. Muryar ce asali. Ta biyu, duk rubutun da na'ura ta yi sai wanda ya halarci taron ya bi shi layi-layi, ya nuna inda aka sauya harshe. Ta uku, mu naɗi maganar garinmu yadda take, da izinin masu ita, mu rubuta ta da hannunmu, domin abin da aka ciyar da na'ura shi take mayarwa. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Garin da ya fara wancan aiki ba zai rasa malaman da za su ɗauki wannan ba.