An je bakin teku, an dawo ba a ga Labda ba

Da zarar an rufe makarantu, zafin Sabha, nan kudancin Libiya, ya fara dukan mutum tun hantsi, hirar majalisa takan koma kan abu ɗaya: wa ya samu istiraha a bakin teku, kuma dinari nawa ake biya duk kwana? Magidanci ya loda iyali da tukwane da buhun gawayi a mota, ya bi ta Shuwairif zuwa Turabulus, ko ya kama hanyar Hun da Waddan ya faɗa Misrata, ya wuce Zilitan ya sauka Khums. Ko ta ina aka bi, tafiyar ta haura kilomita 700. Hausawan da suka daɗe a nan, waɗanda takardunsu suka cika har ba sa ɗar-ɗar a shingen bincike, su ma sun shiga sahu.

Inda tafiyar take ƙarewa ne ke damuna. Istiraha gida ce mai doguwar katanga, da ɗan tafkin ninkaya a tsakiya, da na'urar sanyaya ɗaki, da janareta saboda ɗauke wuta. A Facebook ake ganin hotonta, a yi ciniki ta waya, a tura kafin alƙalami. In an isa sai a ja ƙyaure. Mako guda ana gashi, ana shayi, yara na tsalle cikin ruwan da aka zuba wa magani, alhali ga Bahar Rum can bayan katanga ana jin rugugin igiyarsa. Wasu ma sau ɗaya suke leƙa shi, ranar da za a ɗauki hoto.

Ban raina dalilin masu yin haka ba. Mata suna sakewa su shiga ruwa ba tare da idon baƙo ba, abin da otal ba ya bayarwa. Iyali mai mutum goma ba za su iya kuɗin ɗakuna uku ba, kuma tun rikicin 2011 mutane suka koyi son katanga. Duk na yarda. Amma wanda ya kwana bakwai a Khums bai taka Labda ba, wallahi ya cuci 'ya'yansa.

Labda, wadda Turawa ke kira Leptis Magna, tana gefen Khums, tafiyar 'yan mintuna a mota. A nan aka haifi Septimius Severus, wanda ya mulki daular Rumawa daga 193 zuwa 211, ya kuma mayar da arziki gida ya ƙawata garinsu. UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1982, sannan a 2016 ta sa ta a jerin waɗanda ke cikin haɗari. Kowa yana zancen babbar ƙofar Severus da gidan wankan zamanin Hadrian da dandalin wasan da ke kallon teku. Ni kasuwar ce ta fi kama ni. Akwai teburin dutse da aka fafe ramuka a kansa, manya da ƙanana, don awon hatsi, kamar dai mudu da tiya a kasuwar Kurmi ta Kano. Kusa da shi ga wani allon dutse da aka zana ma'aunin tsawo iri uku a jikinsa, na Rumawa da na mutanen Kartaj da na Iskandariya, domin kada baƙon ɗan kasuwa ya ce an tauye shi. Ɗan Sabha da ya tsaya a nan yana tsaye ne a ƙarshen hanyar kakanninsa, don ayarin mutanen Jarma, da ke yamma da mu kan hanyar Ubari, su ne suka riƙa haɗa yankinmu na Fazzan da garuruwan gaɓa irin Labda.  Wannan hanya ce daga baya fatake suka bi ta Murzuk da fatun Kano da turkuɗi.

Laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. Mai istiraha zai lissafa maka yawan katifu da girman firji, amma ka tambaye shi ƙarfe nawa ake buɗe Labda, sai ya yi ta kame-kame. Ga kuma katangun kansu, waɗanda a wurare da dama suka jeru har suka toshe wa mai ƙaramin ƙarfi hanyar zuwa gaɓa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne: safiya ɗaya cikin bakwai. A fita bayan asuba kafin duwatsun su ɗauki zafi, a riƙe ruwan sha da yawa domin inuwa ba ta wadata ba, a ɗauki ɗan jagora ko da an taru an yi masa karo-karo. Kafin azahar an koma masauki, kuma kuɗin duka bai kai na naman gashin dare ɗaya ba.