Saƙo ya isa, ina makomar ɗan aike?

Akwai wani irin wasan kwaikwayo da ya zama ruwan dare a ƙauyukan jihar Maraɗi tun daga shekarun 1990, wanda ake kira wasan faɗakarwa ko na wayar da kai. Duk wanda ya taɓa ganin guda ɗaya, kusan ya ga sauran. Motar furoje takan iso bayan la'asar, a ɗaura lasifika a jikin bedi, a ajiye wa mai gari kujera, mata su tsaya gefe da goyo, yara su cika gaba. Sai samari da ƴan mata biyar ko shida su fito. Akwai uba mai taurin kai, akwai uwa mai kuka, akwai yarinyar da za a cire daga lakwal a yi mata aure, ko jinjirin da aka hana wa rigakafi. Can tsakiyar wasa masifa ta auku. Daga nan wani mai farar riga ya shigo, likita ko malamin makaranta, ya yi dogon bayani, uban ya dafe kai ya ce ya tuba. A tafa, a ɗauki hoto, mota ta wuce gari na gaba kafin magariba.

Sarkin Yamma, ƙaramar hukumar karkara ta gundumar Madarunfa da ke dab da birnin Maraɗi, wuri ne da ya dace a tsaya a auna wannan wasa, domin abubuwan da yake magana a kansu ba ƙage ba ne a nan. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa a Nijar mata uku cikin huɗu ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maraɗi tana sahun gaba. Yunwar 2005 a wannan yanki ta fi yin ɓarna ga ƙananan yara. Gonakin gado sai ƙara tsukewa suke yi, samari kuwa da an gama girbi sun kama hanyar cin rani, Jibiya, Katsina, Kano har Legas. Tun wajen 2019 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma ya tsayar da ƙananan fatauci na tsawon watanni. A irin wannan hali, duk wanda ya ce zai horar da matasa su yi wasa, waƙa da rawa, alkawari biyu yake ɗauka: za su gyara tunanin jama'a, kuma za su samu abin yi. Ana faɗin su a numfashi ɗaya kamar tagwaye. Sai dai in an duba da kyau, yadda ake cika na farko shi ne ke kashe na biyu.

A fara da wasan kansa. Babban rauninsa shi ne ya san amsa tun kafin ya yi tambaya. Uban nan mai taurin kai ba mutum ba ne, kuskure ne aka sa wa riga da hula. Ba a taɓa barinsa ya faɗi dalilinsa da ƙarfinsa ba: cewa kwalejin tana da nisa, cewa ba shi da wanda zai riƙe masa ɗiya a birni, cewa yayanta ya yi shekara goma a aji ya dawo ba aiki ba noma, cewa yana tsoron abin kunya fiye da tsoron talauci. Waɗannan dalilai suna nan zaune a kan tabarma cikin masu kallo, kuma masu su sun san an ɓoye su. Shi ya sa suke dariya, su tafa, su tashi da ra'ayinsu kamar yadda suka zo da shi. Wannan sigar tana da tsohon tarihi: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ɗaya daga cikin wasannin Hausa na farko da aka buga a Nijeriya ta Arewa, darasin tsabta ne da kiwon lafiya aka zuba cikin bakin ƴan wasa. Abin da ya dace da ɗan aji na zamanin Turawa shi ne har yau ake kai wa magidanci mai shekara hamsin.

Abin mamaki, ƙasar Hausa ba baƙuwar wasa ba ce, kuma wasanninta na asali sun fi wannan ƙarfin hali. Tashen watan azumi yana kwaikwayon malami mai kwaɗayi da tsoho mai ruɗu. Ƴan kama suna juya wa'azi ya koma zancen tuwo. A wasan kara, wanda Damagaram ta yi suna da shi, talakawa ke naɗa junansu sarki, gwamna da kwamanda, su yi tafiyarsu da maganarsu a gaban masu muƙaman na gaskiya. A duk waɗannan, bulalar dariya sama take duka. Wasan faɗakarwa ya juya ta ƙasa: kullum talaka ne jahili, mai farar riga ne mai gaskiya. Da wuya a ga wasan da ma'aikacin asibiti ne ya yi wa mai naƙuda tsawa, ko wanda taki ya ɓace tsakanin ofis da gona.

Masu shekaru za su ce ai zamanin Samariya ma haka ne, gwamnati ce ke ba da jigo. Gaskiya ne. Bayan da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da Samariya, aka kafa bukin matasa na ƙasa wanda aka fara a Damagaram a 1976, yana zagaya manyan birane, kuma kowa ya san akwai iyakar da ba a tsallakewa. Amma a cikin wannan shinge aka yi wasan da har yau ake tunawa. Ƙungiyar gidan rediyo da talabijin ta Damagaram, ta su Yazi Dogo da Umaru Naino, ba ta aiki da rubutaccen wasa. Ana zama a tattauna labari, a raba matsayi, kowane ɗan wasa ya gina mutuminsa da bakinsa, a maimaita har magana ta zauna. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta bi waɗannan ƙungiyoyi ta fitar da littafi a kansu a 1987, inda ta ɗauki wasan a matsayin sabon reshe na adabin baka. Chaibou Dan Inna ma ya yi nazari mai zurfi a kan wannan fage. Abin lura shi ne yadda aka samu waɗannan gwanaye: shekaru suka yi tare, daga gasar unguwa zuwa ta gunduma zuwa ta ƙasa, ƙarami yana kallon babba, jama'a na hukunci da dariyarsu ko shirunsu. Saƙon gwamnati yana ciki, amma mugun cikin wasa yana da wayo, yana da daɗin baki, har mai kallo ya tsorata da yadda ya so shi.

Horon yau kuwa na kwana biyar ne ko goma, a zauren taro, da allo da alƙalamin maka. Masu shirya shi sukan ambaci sunan Augusto Boal, ɗan Barazil ɗin da ya fito da wasan da mai kallo ke shiga fage ya karɓi matsayin wanda aka zalunta ya gwada tasa dabara. A Burkina Faso, Prosper Kompaoré ya kafa ƙungiyarsa ta Atelier Théâtre Burkinabè a 1978 a kan irin wannan tafarki. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun tsakiyar shekarun 1970, malamai da ɗalibai suka riƙa shiga Samaru da ƙauyuka irin su Maska da Bomo suna sauraron manoma kafin su haɗa wasa. A wajen duk waɗannan, sauraro ne rabin aikin, kuma ba a san ƙarshen wasa ba sai jama'a sun sa baki. Abin da ya iso ƙauyukanmu shi ne ɓawon: bayan an gama, mai gabatarwa ya tambayi taro ko abin da uban ya yi daidai ne, taro ya amsa da a'a, a rubuta cewa jama'a sun shiga muhawara.

Sai kuma maganar harshe, wadda ta fi shafar malamai. Yawancin waɗannan wasanni da Faransanci aka yi tunaninsu, a takardar furoje, sannan aka juye su Hausa. Kunne yana ji. Uwa a ƙauye ba ta cewa za ta inganta yanayin abincin ɗanta, ba ta kiran kishiyarta abokiyar tattaunawa. Hausar Katsinawan Maraɗi tana da habaici, da zambo, da karin maganar da ke yanke gardama ba tare da an ɗaga murya ba, amma saurayin da ya fito horo yakan ajiye wannan duka a gida, don an nuna masa cewa maganar ofis ita ce ta ilimi. Wanda ya saurari zaman sulhu guda a zauren mai gari zai ji wasan da ya fi wanda mota ta kawo.

Alkawari na biyu, na aikin yi, shi ya fi nauyi. Sana'a ita ce abin da wani zai biya ka ka yi, ya sake dawowa gobe. Makaɗin gargajiya ya san mai biyansa: manomi a gayya, ɗan kokowa a fage, mahauci, uwar amarya. Ƴan wasan zamanin Samariya mafi yawansu suna da abin yi a gefe, malamai ne, ma'aikata, teloli, ƴan kasuwa. Yazi Dogo kansa malamin makaranta ne. Saurayin da furoje ya horar mai biyansa ɗaya ne, shi ne furojen. Jama'a kyauta suke kallo, har wani lokaci a raba musu sabulu. An koya wa ƙauye cewa wasa abu ne da baƙo ke biya, an koya wa ɗan wasa cewa wanda zai faranta wa rai yana Yamai yana jiran rahoto. Ranar da kuɗi suka ƙare, ko mai bayarwa ya tattara ya bar ƙasar kamar yadda da yawa suka yi bayan 2023, ƙungiya ta watse, takardar shaidar horo ta shiga ƙasan akwati, mai ita ya koma kabu-kabu in ya samu babur.

Ga kuma nauyin da al'umma ke ɗora wa mai wasa, wanda takardun horo ba su cika ambata ba. Har yanzu akwai gidajen da ke ganin kiɗa da waƙa roƙo ne, roƙo kuma gado ne na wasu. Maraɗi ba ta manta tarzomar Nuwamba 2000 ba, lokacin da zanga-zangar ƙin bukin nuna tufafi na FIMA da ake yi a Yamai ta rikiɗe a nan ta faɗa wa mashaya, gidajen mata masu zaman kansu da wuraren bori. Yarinyar da ta hau fage a gaban surukan gobe tana biyan farashin da ba ya cikin kasafin kowa.

Duk da haka kasuwar wasan Hausa tana nan, kuma babba ce. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan da ake kira dandalin soyayya a Nijar suka mamaye gidaje, yau kuma suna cikin wayar kowane saurayi. Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, sai da ta tafi Kano muryarta ta zama sana'a. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014 da tallafin Amurka, ta yi shirin Daɗin Kowa da niyyar faɗakarwa ƙarara, amma mutane suka bi shi shekara da shekaru saboda mutanen cikinsa suna da rai, nagari yana da aibi, mugu yana da uzuri. Wannan ya isa hujja cewa saƙo da gwaninta ba abokan gaba ba ne, muddin gwaninta ce a gaba.

Horon da zai amsa sunansa ke nan sai ya yi tsawo, ya kuma sauka daga allo. Cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya da aka buɗe a Yamai a 1989, da aikin marigayi Alfred Dogbé, wanda ya kafa Arène Théâtre da bukin Émergences kafin rasuwarsa a 2012, sun nuna cewa ana iya koyar da fasaha a matsayin aiki mai ƙa'ida. Amma duk a babban birni suke. A Maraɗi akwai gidan matasa da al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, akwai gidajen rediyo masu zaman kansu, akwai tsofaffin ƴan Samariya da ke raye ba wanda ke tambayarsu komai. Kuma kewayen fage akwai sana'o'in da suka fi hawa fagen ciyar da mutum: ɗaukar murya, haɗa hoto, gyaran lasifika, ɗinkin kayan wasa, sanƙira a biki, shirya tallar rediyo. Saurayin da ya iya biyu daga cikinsu zai ci abinci da rani ko babu furoje. Ƙungiyoyin al'adu su ma suna da abin gwadawa wanda ba ya buƙatar izinin kowa: su kewaye fili da zana ranar kasuwa, su karɓi dala ashirin a bakin ƙofa. In mutane sun ƙi shiga, an samu hukuncin da babu rahoton da zai bayar. Malaman kwaleji kuwa suna riƙe da abin da furoje ba shi da shi, wato shekara huɗu tare da yaro ɗaya, da damar aika shi ya rubuto yadda kakarsa ke faɗa da yadda dillali ke rantsuwa.

Akwai wasa guda da ya kamata a ce waɗannan matasa sun fi kowa iya shi, ba a kuwa cika ba su odarsa ba: nasu. Fadar samari da butar shayi tun hantsi, lissafin kuɗin mota zuwa Katsina, wanda ya dawo daga Libiya ba ya son a tambaye shi, gardamar ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai kawo aiki ko zai kwashe sauran samarin ne, uban da ya raba gona huɗu ga ƴaƴa tara. A wannan wasa babu inda mai farar riga zai shigo da amsa, domin shi ma ƙanensa yana zaune a fadar, yana jiran kofi na uku.