Jinjina Ga Masu Kula Da Kwamfutocin Manyan Kamfanoni

Ba a cika tuna su ba sai aiki ya tsaya, alhali su ne ginshiƙinsa. A ranar 27 ga Yunin 2017, cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, manyan motoci suka yi cirko-cirko a ƙofofin tashoshi. Ma'aikatan fasaha suka yi ta buga waya daga ƙasa zuwa ƙasa har suka gano na'urar da ke riƙe da rajistar shiga kwamfutocin kamfanin a ofishin Ghana. Ɗauke wuta ne ya tserar da ita daga cutar. Aka kai faifanta hannu da hannu, ta Najeriya zuwa Ingila. Cikin kwana goma suka farfaɗo da kwamfutoci kusan 45,000. Sannunku da aiki, Allah Ya ƙara basira!