Zumunta a Ƙafa Take: Sharhi a Kan Littafin Alone Together

Abin da nake nufin yi a wannan ɗan rubutu shi ne in feɗe wani littafi na Turanci wanda ba ya cikin manhajarmu, amma kuwa abin da ya ƙunsa ya shafi duk ɗalibin da ke riƙe da waya a wannan jami'a, har da malamanmu, Allah ya ƙara musu haƙuri da mu. Sunan littafin Alone Together, watau ana zaune tare amma kowa shi kaɗai. Wadda ta rubuta shi ita ce Sherry Turkle, shehun malama a jami'ar MIT ta Amurka, masaniyar zamantakewa da halayyar ɗan Adam. An buga shi a 2011, kuma shi ne na uku cikin jerin littattafanta a kan mutum da kwamfuta, bayan na 1984 da na 1995. A na 1995 ta yi wa intanet kyakkyawan zato. A wannan kuwa murna ta koma ciki.

Littafin kashi biyu ne. Kashi na farko magana ce a kan mutum-mutumi da yadda yara da tsofaffi ke shaƙuwa da su. Ta fara da labarin wani baje koli da ta kai 'yarta a birnin Niyok a 2005, inda aka ajiye kunkurai masu rai daga tsibiran Galafagos. Yarinyar ta duba ta ga ko motsi ba su yi, sai ta ce ai da mutum-mutumi aka sa da ya wadatar. Daga nan marubuciyar ta bi ta kan Tamagotchi da Furby, kayan wasan da yara ke ciyarwa suna jinya kamar 'ya'yansu, har ta iso kan Paro, wani mutum-mutumi ɗan Japan mai laushin gashi da ake ba tsofaffi a gidajen kula da su. Akwai wata tsohuwa da ɗanta ya juya mata baya, ta rungume Paro tana shafa shi tana rarrashi, wai shi ma baƙin ciki yake ciki. Abin da Turkle ta gani shi ne, tsohuwar kanta take rarrashi, kuma an yi mata dabara ne aka ba ta abin da ba ya jin komai don 'ya'ya su sami sukuni. Wanda ya karanta wannan kashi a 2011 yana iya cewa tatsuniya ce ta masu kuɗi. To, amma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 mutane suka shiga kai wa na'ura kukansu da tsakar dare, ni a ganina wannan kashi shi ya fi tsufa da kyau a littafin duka.

Kashi na biyu shi ne cibiyar jigo, kuma shi ya fi damuna. A nan ta yi hira da 'yan makaranta da ma'aikata a Amurka, ta tarar da yawansu sun fi son saƙon tes a kan kiran waya. Dalili kuwa shi ne, a rubuce kana iya gogewa ka gyara, ka amsa sa'ad da ka ga dama, alhali a murya ba ka san inda zance zai juya ba. Ta kawo labarin wata budurwa da ke kiran kakarta ta Skype suna ganin juna, amma a ɓoye tana amsa wasiƙun imel, kakar ba ta sani ba. Ta kuma faɗi yadda ita kanta ta je taron tunawa da wani mamaci, ta ga mutane sun kare wayoyinsu da takardar tsarin taron suna ta aika saƙo. Hujjarta a taƙaice ita ce, tausayi abu ne da ake koyo, kuma a fuskar mutum ake koyonsa, da muryarsa, da shirunsa. In ka saba da mutane a allo, inda kake iya kashe su ka kunna, sannu a hankali za ka daina jure nauyinsu.

Mai karatu, wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe, wanda tun tuni ya ce zumunta a ƙafa take. Mu ɗauki ta'aziyya. Idan aka yi rasuwa, maza na waje a kan tabarmi, mata na cikin gida. Ka zo ka yi sallama, a yi addu'a a shafa, ka ce ya haƙuri, a ce da godiya, ka ce Allah ya jiƙan musulmi. Sa'an nan ka nemi gefe ka zauna, wataƙila rabin sa'a ba ka ƙara cewa uffan ba. Yanzu kuwa a sa hoton mamaci a Facebook, kafin a gama haƙa kabari mutum ɗari sun rubuta Allah ya jiƙansa. Wasu ma ba su rubutawa, sitika ce ajiye a waya, ita ake turawa ga kowace gawa. Kafin 2016, lokacin da Facebook ya ƙaro alamar fuska mai hawaye, babu abin latsawa sai ɗan yatsan nan na nuna jin daɗi, har a ƙarƙashin sanarwar mutuwa. Ban ma tabo maganar masu ɗaukar hoton waɗanda suka yi haɗari a hanya suna watsawa, iyaye su ga ɗansu kwance cikin jini kafin wani babba ya zo ya shirya musu zuciya. A da akan zaɓi wanda zai kai labarin mutuwa, kuma ba kowa ake zaɓa ba.

Amma a lura da wani abu, domin a nan ne na fara rabuwa da marubuciyar. Ita tana ganin abin da aka yi hasara shi ne zurfin hira. To, a zaman makokinmu wace hira ake yi? Kalmomin da ake faɗa a kan tabarma su ne dai ake rubutawa a waya, ba ragi ba ƙari, kowa ya haddace su tun yana yaro. Ashe ke nan ba a baki ta'aziyyar take ba. Mutumin da ya rufe shagonsa a Kantin Kwari, ya biya kuɗin mota zuwa Gumel, ya sha rana don ya faɗi kalma biyar, abin da masu makoki suka karɓa daga gare shi shagon nan ne da ya rufe da ranar da ya sha. Saƙon waya bai ci masa komai ba, kuma wanda aka aika wa ya san haka.

Aibi na biyu na wajen hujja ne. Littafin cike yake da labarai masu taɓa zuciya, amma labari zaɓensa ake yi, kuma mai neman kuka ba ya rasa wanda zai jefe shi da kashin awaki. Inda ta jingina da alƙaluma, ta jingina ne da binciken Sara Konrath da abokan aikinta a jami'ar Mishigan, waɗanda suka tattara amsoshin ɗalibai wajen 14,000 daga 1979 zuwa 2009, suka ce tausayi ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100, musamman bayan shekarar 2000. Sai dai ɗaliban su ne suka auna kansu da kansu a takarda. Har wa yau, Facebook bai buɗe ƙofa ga kowa da kowa ba sai 2006, iPhone kuma sai 2007, watau gangarar ta riga su farawa. Bugu da ƙari, da Konrath ta ci gaba da lissafin har zuwa 2018, sai ta ga tun wajen 2008 awon ya juyo yana hawa, a daidai shekarun da waya ta shiga aljihun kowa. Ba za a ɗora wa Turkle laifin abin da ya fito bayan littafinta ba, amma wanda zai kafa hujja da ita yau lalle ne ya san da wannan.

Aibi na uku shi ne babba. Marubuciyar ta ɗauka kowa yana da dandali kafin waya ta zo ta ƙwace masa. Wannan gaskiya ne ga yaran da ta yi hira da su, waɗanda ke fita su shiga yadda suka so. Ina matar da ke cikin kulle? Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano cikin shekarun 1970, ta nuna yadda matan aure suka dogara ga yara wajen talla da aike da jin labarin gari. Irin wannan mata waya ba ta raba ta da kowa ba. Yau tana cikin guruf na 'yan ajinsu a WhatsApp, tana adashi, tana sayar da turaren wuta, tana karanta littafin da wata matar ke rubutawa shafi shafi, har ta aika mata da ƙorafi in ta kashe tauraruwar labarin. Haka wanda ke ci-rani a Legas ko wanda ke zaune a Jidda, da shekara yake yi bai ga fuskar uwarsa ba.

Kuma ma wa ya ce Bahaushe ido da ido yake faɗin abin da ke ransa? Al'adarmu ta ginu a kan kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruki ya ga surukinsa ya sake hanya, saurayi ya tsaya a zaure ya aika yarinya ta yi masa sallama da budurwa. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya cikin siffofi goma na mutumin kirki a wurin Hausawa. Saboda haka magana ta bayan labule tsohuwar hanya ce a wurinmu, kuma tausayi ya daɗe yana bin ta. Iyayenmu sun aika wa juna gaisuwa ta shirin Zaɓi Sonka a rediyo, suka kafa ƙungiyoyi da zumunci da mutanen da ba su taɓa gani ba, wasu har ziyara ta shiga tsakaninsu daga baya. Ɗiyar fari da ba ta iya zama ta yi hira da mahaifinta, yanzu takan rubuta masa abin da bakinta ba zai iya furtawa ba. Babu gurbin wannan yarinya a littafin Turkle.

Wajen salo ba ni da ta cewa da yawa. Turancinta mai sauƙi ne, ta iya ba da labari, sai dai tana da maimaici, musamman a kashi na farko, inda yaro bayan yaro ke faɗin abu ɗaya game da Furby har mai karatu ya ƙosa. Da an rage kashi ɗaya cikin uku da littafin bai rasa komai ba.

Ta rufe littafin da shawarar rubuta wa 'yarta wasiƙa ta takarda, lokacin yarinyar tana Dablin ta ƙasar Ailan, domin ta tuna wasiƙun da ita da mahaifiyarta suka riƙa yi wa juna tana ɗaliba. Rufewa ce mai daɗi, amma tana warware igiyar da aka yi shafi ɗari uku ana tufkawa. Wasiƙa ba ta da fuska, ba ta da murya, kuma ta fi saƙon tes ba da damar gogewa da gyarawa, domin kana iya yaga ta sau goma kafin ka kai gidan waya. Duk abin da ta zargi tes da shi yana jikin wasiƙa. Abin da wasiƙar ta fi shi kawai shi ne zaman da aka yi aka rubuta ta, da kan sarkin da aka saya, da makon da aka yi ana jiran amsa, kuma wannan bambanci marubuciyar ta ji shi a jikinta amma ba ta tsaya ta bayyana shi ba.